Ajiyar Sista a Ƙarƙashin Rumfa

Jiya bayan na idar da sallar asuba na ɗan kishingiɗa a kan darduma, abin da ban saba ba, sai barci ya sace ni, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Yaya Gambo, ke na kawo wa shi. Da ta waya zan gaya miki, to na san kunnen nan naki, sai mu wuni ina ɗaga murya kina cewa "iye?" Shi ya sa na zaunar da Binta matar Auta, ina faɗa tana rubutawa, a karanta miki ta kunnen dama. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta yi mini gyaran 'yan boko. In kin ji wata kalma ta cika santsi, ba tawa ba ce.

Amma bari in fara tuna miki da tukunyar, don ba za ki gane mafarkin ba sai da ita.

Kin tuna Sista Rifkatu, ungozomar asibiti da ta yi haya a ɗakinmu na kusa da zaure? Doguwar nan mai wushirya, mutuniyar kan duwatsu, wadda ta ɗaure miki ƙafa ranar da kika zame a bakin rijiyarmu. Shekara shida ta yi tare da mu. Ba ta taɓa shigo mini da abin da zan yi magana ba, kin kuwa san ni, idona ba ya barci a kan ɗan haya.

Ranar da ta tare, cikin kayanta akwai wata tukunyar ƙasa mai faɗin baki, an huda gindinta, cike da ƙasa da wani ganye siriri kamar lawashi. Ta ajiye ta a tsakar gida, gefen inda indararo ke zuba. Na ce, "Sista, albasa ce?"

Ta ce, "Kamarta ce, Mama, amma kada wanda ya sa ta a miya, tana da dafi. Fure ne."

Na ce, "Abin da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi, me ake yi da shi?"

Ta ce, "Kallo ake yi, Mama."

Na ce, "Aikin banza."

Duk ranin nan tukunyar a bushe take, ko waiwayarta Sista ba ta yi. Ganyen ya kwanta, ki ce ya mutu. Na yi mata faɗa, na ce kin ɗauko abu tun daga garinku kin zo kina kashe shi da ƙishi. Ta ce barci yake yi, a ƙyale shi. Sai damina ta faɗi, aka yi ruwa na sosai. Kwana uku bayan nan na fito da safe da butata, sai na tarar tukunyar ta cika da fure, ruwan hoda, kowanne tsaye shi kaɗai a kan tsinkensa, cikinsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Na tsaya har ruwan butar ya tsiyaye a ƙafata ban sani ba. Sista tana bakin ƙofarta tana ɗaure farin takalminta na aiki. Ta ce, "Mama, aikin banza yana gaishe ki." Na wuce na sake cika butata. Da yamma furen ya tsuke bakinsa, kwana biyu ya kwanta. Sai da aka sake wani ruwan sannan wani ya fito. Ita furen ruwan sama take ce masa. Ni albasar Sista nake cewa, har yau.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyarta. An aiko mahaifiyarta ba lafiya, ta nemi a mayar da ita aiki can gida, aka mayar. Ranar tafiya mota ta cika maƙil, direba ya ce tukunya ba ta da wuri. Sai ta sauke ta da hannunta a gabana, ta ce, "Mama, ki riƙe mini. Guda bakwai ne a ciki, daga ƙofar ɗakin mamana na tono su. In na dawo kwasar gado da kujeru zan ɗauka."

Na ce, "Na karɓa."

Abin da na ce ke nan, Yaya, da bakina, a gaban direba da mutanen gida. Ƙaninta ne ya zo kwasar kayan. Na nuna masa tukunya, ya ce shi ba a gaya masa ba. Shekara biyu muna gaisawa ta waya, ita ta kira ni da salla, ni in sa a kira mini ita da kirsimeti. Kullum sai ta ce, "Mama, yaya yarana?" In ce suna nan lafiya. Daga baya lambar ta daina shiga. Har yau ban san ko tana raye ba.

Da farko na bar tukunyar inda ta bar ta, kuma duk damina tana fure. Shekara huɗu da suka wuce akuyar Tabawa maƙwabciyata ta shigo ta aske ganyen tas, ta kwana tana zawo, ta kuma ture tukunyar ta tsage. Na ce wannan sakacina ne. Kayan mutane na bari a fili, rana ta doka, ruwa ya doka, dabba ta ci. Zani ma in an ba ki ajiya ai ƙasan akwati kike sa shi. Na nemo igiya na ɗaure tukunyar tamau, na ja ta can ƙuryar rumfa inda ko feshin ruwa ba ya kaiwa, na tare gabanta da tsohon turmi. Safe da yamma ina ba ta ruwa da ragowar butar alwalata, rani da damina, ban taɓa tsallake rana ba. Ko da na zo miki ta'aziyyar maigidanki na kwana uku, sai da na damƙa wa Binta butar nan hannu da hannu.

Tun daga nan ba ta ƙara fure ba. Ganyen ne ya yi tsawo, ya koɗe, yana kwanciya. Albasar ta hayayyafa har tana hawa kan juna tana leƙowa saman ƙasa, tsagar tukunyar kullum ƙara buɗewa take. Bana ganyen ya soma rawaya, in na sunkuya kuma ina jin wari-wari irin na albasar da ta kwana a ruwa. Ban gaya wa kowa ba, amma na san mutuwa take yi.

Mako biyu da suka wuce Binta ta same ni ina ba ta ruwa. Kin san malama ce, ta ce a makarantarsu akwai irinta jere a gaban ofis, ta tambayi dattijon da ke kula da su. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ya ce rana take so, da ƙishi, sannan ruwan sama. Ya ce ruwan rijiya yana raya ta amma ba ya sa ta fure, in ya yi yawa kuma ruɓar da ita yake. In ta cunkushe haka, fasa tukunyar ake yi a rarraba, a zubar da ruɓaɓɓun, a dasa masu kyau a ƙasa mai yashi, tsakaninsu yatsa uku, wuyansu a waje. Za ta ishe mu har a ba maƙwabta. Tabawa tun yaushe take roƙo."

Na ce, "Tabawar da akuyarta ta yi ɓarnar?"

Ta ce, "Inna, akuyar nan ai an yanka ta tun sunan jikanta."

Na ce, "Ke in aka ba ki ajiyar atamfa, sai ki yayyanka ki raba wa unguwa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, atamfa ba ta haihuwa."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ga ta nan yanzu ma tana murmushi. Rubutu na sa ki, ba dariya ba.

To, ga mafarkin.

Na gan ni a ƙofar gida da tukunyar a kaina, ba gammo. Na yafa mayafina na zuwa biki, amma ƙafata ba takalmi. Na san inda za ni, Sista zan kai wa kayanta. A farke ban san hanyar garinsu ba, amma a mafarkin ko a jikina. Unguwa shiru, ƙofofi duk a buɗe, ba kowa.

Sai kawai na gan ni a tasha. Motoci a jere, an cire kujerunsu an cika su da ƙasa har tagogi. Wani mutum yana zaune a kan benci yana warware igiya sili-sili. Na ce, "Malam, ina motar garin su Sista?" Bai ɗago ba. Na ce, "Da kai nake." Ya dubi igiyar da ke jikin tukunyata, ya koma kan tasa. Ban sake tambaya ba, ni ba na roƙon magana. Na kama hanya da ƙafa.

Sai kawai hanyar ta zama hawa. Duwatsu manya baƙaƙe, wani a kan wani, yadda take ba ni labarin garinsu in muna tsinkar zogale. Akwai sanyi amma ba iska. Tukunyar tana ta ƙara nauyi. Ina jin motsi a cikinta, irin juyin da ɗa ke yi a ciki wata takwas. Ruwa yana ɗiga daga gindinta yana bin goshina, da ɗuminsa. Na so in sauke in huta, sai na tuna ba a sauke kayan mutane a kan hanya. Na ci gaba.

A gefen hanya na tarar da mata zaune, kowacce da ƙwarya a gabanta kamar masu sayar da nono. Na leƙa, ruwa ne zalla. Ɗaya ta ce, "Na sama ne, Inna. Na jiya ne." Na ce, "Ina da nawa." Na ɗaga mata butata, ashe tun daga gida tana hannuna. Suka dubi juna. Ba wadda ta yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka rufe ƙorensu da faifai.

Sai kawai na gan ni a cikin asibiti, ɗakin haihuwa, mai koren bango, irin wanda ta yi aiki a nan garin. Amma ba rufi, sama ce a buɗe, fara fat. Gadajen ƙarfe suna nan, sai dai ba katifa, ƙasa ce a kansu an gyara ta kamar fangalin albasa. Mata suna zaune a dogon benci a jere, kowacce ta buɗe tafukanta biyu a kan cinya. Na gane Tabawa. Na gane Binta can ƙarshen layi. Na ga Goggo Mairo, wadda ta rasu tun ina goyon Auta, zaune a tsakiyarsu da ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo kamar ba abin da ya faru. Ba wadda ta gaishe ni, ni ma ban gaishe su ba.

Sista tana tsaye ta ba ni baya, tana wanke hannu a kwano. Farin kayanta na aiki ne, ba ta tsufa ba ko kaɗan. Na ce, "Sista, sannu da aiki." Ba ta juyo ba. Na ce, "Ga ajiyarki na kawo. Shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya ɗauki ko guda."

Sai ta juyo. Ba fuskata ta kalla ba, tukunyar ta kalla. Ta sauke mini ita, ta kwantar da ita a kan gadon haihuwa. Ta shafa igiyar, ta ce, "Wa ya ɗaure ta haka?" Da irin muryar da take yi wa dangin mai naƙuda in sun tsaya jiƙe-jiƙe ba su kawo ta da wuri ba. Ba tsawa, amma sai ki ji gara tsawar.

Na ce, "Ni ce. Tsagewa ta yi."

Ta ɗauko almakashin yanke cibiya ta datse igiyar. Tukunyar ta rabe biyu, ba ƙara, kamar an ɓare goro. Albasar ta fito dunƙule guda, saiwa ta nannaɗe ta kamar gammo, ƙasar ma ba ta da yawa, duk sun cinye wurin. Ta sa yatsu tana ɓamɓarowa ɗaya ɗaya, a hankali. Kowacce sai ta goge ta da gefen rigarta, ta ɗora a kan sikelin awon jarirai, ta duba, ta ajiye. Ina tsaye ina kallon hannunta. Kin san yadda take aiki, ba gaggawa, ba tsayawa.

Wasu sun yi baƙi, sun yi laushi, suna ɗiga. Su ba ta auna su ba. Ta jera su gefe ta rufe da farin ƙyalle. Na ƙirga, biyar. Na jira ta yi mini magana a kansu, ba ta yi ba. Na so in ce mata ban taɓa fashin ba su ruwa ba, bakina ya ƙi buɗewa.

Tana ta ɓamɓarowa, abin ba ya ƙarewa. Gadon ya cika, suna gangarowa ƙasa, suna taɓa yatsun ƙafata da sanyinsu. Na ce a raina, duk wannan a tukunya ɗaya?

Sai ta tsaya. Ta zaɓi guda bakwai, ba ta ko duba su sosai ba, ta zuba a aljihun rigarta. Sauran ta turo su gabana da gefen hannu. Na tara mayafina, ta kwashe ta zuba mini, ya cika har yana rinjayata.

Na ce, "Sista, waɗannan fa?"

Ta kakkaɓe ƙasar da ke hannunta.

Na ce, "Ai duk naki ne. Ni ba kiwo kika ba ni ba, riƙe mini kika ce."

Ta koma ta ci gaba da wanke hannu. Matan nan suna nan zaune da tafukansu a buɗe. Ba wadda ta roƙe ni. Ko Tabawa, mai bakin nan, ba ta ce uffan ba.

Sai kawai ruwa ya sauko. Ba hadari, ba tsawa, ba iska, ruwa ne tsaye, mai laushi. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Sai fure ya fara fitowa, ba kwana uku ba, nan take. Daga kan gadaje, daga daɓe, daga tsagar bango, har daga cikin kwanon wanke hannu. Ruwan hoda ko'ina, yana buɗewa ba sauti. Matan nan duk sun jiƙe sharkaf, ba wadda ta motsa. Goggo Mairo ta ɗaga fuska sama ta lumshe ido.

Ni kaɗai ce a bushe.

Na ɗaga kai, sai na ga kwanon rumfata a samana. Shi ne, na gane shi da tsatsarsa da dutsen da Auta ya danne gefensa da shi. Ba ginshiƙi, ba komai, yana tsaye a iska daidai kaina. Na taka hagu, ya bi ni. Na taka dama, ya bi ni. Inda duk na tsaya, ƙasar wurin a bushe, ba fure ko ɗaya. Albasar da ke mayafina ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Sai na ji murya ta ce, "Miƙa su waje."

Ba Sista ba ce, bakinta a rufe yake. Ba zan ce miki ta namiji ce ko ta mace ba. Ba daga sama ba, ba daga gefe ba, kamar yadda kike jin kiran sunanki a kasuwa ki waiga ba kowa.

Na ce, "In wani abu ya same su fa? Ni na ce na karɓa."

Ruwa yana ta sauka, ina jin ƙararsa a kan kwanon.

Na dubi bakin rumfar, bai fi kamu biyu daga inda nake ba. Na fara miƙa hannuwana da mayafin. Sun yi nauyi kamar na wuni ina daka. Ina miƙawa, ina miƙawa. Can na hango Sista a bakin ƙofa za ta fita, lemarta a naɗe a hammata, farin takalminta ko taɓo bai taɓa ba. Na ce, "Sista, lambarki ba ta shiga!" Ba ta juyo ba. Ta ɗaga hannu ɗaya sama, yadda take yi mini da safe in za ta aiki. Ban sani ba ko sallama ce, ko cewa take in bar zancen. Sai ɗigo ɗaya ya faɗo a bayan hannuna, mai sanyi.

A nan na farka.

Ƙarar tsintsiyar Binta na fara ji. Rana ta fito har ta hau katanga, ni da rana ba ta taɓa riska a kwance ba sai da ciwo. Bayan hannuna a jiƙe, butar ce ta karkace ta zubo mini, kada ki ce wani abu ne. Na yi addu'ar da ake yi, na tashi na nufi ƙuryar rumfa. Igiya tana nan yadda na ɗaure ta. Na sa yatsa a gefen tsagar, sai guda ta biyo hannuna da kanta, baƙa, lagwaf, tana wari. Na naɗe ta a ganye na binne a gindin katanga, ban san dalili ba.

Jiya ban ba ta ruwa ba. Yau ma ban ba ta ba. Rabon da in yi haka shekara huɗu. Na idar da alwala na tsaya da ragowar ruwan a hannu, na rasa inda zan zuba shi.

Yaya, ke kika zauna da tsofaffi, ke kika san kan mafarki, ni tsaron gida kawai na iya. Ga abin da ya tsaya mini.

Na farko, Sista. Na gan ta ɗaki ɗaya da Goggo Mairo, ta ɗauki abinta ta fita ba ta waiwayo ba. Amma kuma Tabawa da Binta suna ɗakin, ga su nan da ransu, ɗaya ma tana cika mini kunne ta kan katanga tun safe. To Sista tana cikin waɗanne? In ta riga mu, wa zan mayar wa, ni da ban san ƙofar gidansu ba?

Na biyu, ni na san hukuncin kiwo. A garinmu in an ba ki akuya, haihuwa biyu ta mai ita ce, ta uku taki, kowa ya san wannan. Na kuma san hukuncin ajiya, yadda aka ba ki haka za ki mayar, ko zare ba ki cirewa. Amma ba wanda ya taɓa gaya mini hukuncin ajiyar da ke haihuwa. Da ta ɗauki bakwai ta turo mini sauran, yafe mini ta yi? Ko kuwa biyar ɗin nan da ta rufe da farin ƙyalle su ne maganar, ta nuna mini abin da hannuna ya yi, ta tafi don kada ta faɗa mini da baki? Ni ban taɓa cin amanar kowa ba, Yaya. Ban san ana iya ɓata ta da yawan tsaro ba.

Yau da safe na kawar da turmin, na ja tukunyar da kaina zuwa bakin rumfa. Ban fitar da ita ba. Rabinta a rana, rabinta a inuwa, nan ƙarfina ya tsaya, ko in ce nan zuciyata ta tsaya. Binta ta sassabe wuri a tsakar gida gefen indararo, ta zuba yashi. Ban sa ta ba, ban kuma hana ta ba. Wuƙa tana nan kan tabarma kusa da ƙafata. Tun shekaranjiya gabas take haɗa hadari tana warwarewa, yau kam iskar ta canja, kaji sun ƙi nisa da akurki. Ba na jin zai wuce gobe.

Ki sa a kira Binta da zarar an gama karanta miki, ko ba za ki ji amsata ba ni zan ji taki. In yanke igiyar, ko in mayar da tukunyar inda take? In kuma na yanke, na rarraba, Tabawa ta ɗauka, unguwa ta ɗauka, sai wata rana na ji sallama a zaure, doguwar mace mai wushirya ta shigo ta ce, "Mama, ina yarana?" Duk sun zama iri ɗaya, Yaya, ba a gane uwa ba a gane 'ya. Waɗanne bakwai zan nuna mata?